Tukunya a Kan Wuta, Faranti a Sama: Labaran Masu Girki da Ke Binciken Kisa

Mai karatu, da za a ce maka akwai littafin da ya haɗa abu uku wuri ɗaya, watau girkin abinci, da binciken kisan kai, da jita-jitar baƙin halittu daga wata duniya, wataƙila ka ce wannan haɗin ai ba zai ciwu ba. To, akwai irin waɗannan littattafai, kuma suna da masu karatu da yawa, musamman a Amurka da Ingila. Ƙagaggun labarai ne. Yawancinmu mun saba da labaran 'yan sanda da 'yan fashi, inda bindiga take tashi kusan a kowane shafi. Waɗannan dabam suke. A cikinsu wadda take gano mai laifi ba ta da bindiga, ba ta sa kaki, ba ta kuma taɓa zuwa makarantar 'yan sanda ba. Abin da ta iya shi ne girki. A wannan ɗan rubutu za mu duba asalin waɗannan labarai, da yadda baƙin sama suka shigo cikinsu, da kuma abin da ɗalibi zai ƙaru da shi in ya karanta su.

Asalin Labarin

Tushen abin yana Ingila. A shekarar 1930 wata marubuciya mai suna Agatha Christie ta fitar da littafin The Murder at the Vicarage, watau kisan da aka yi a gidan limamin ikilisiya. A cikinsa akwai wata tsohuwa, Miss Marple, wadda ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ƙaramin ƙauye, aikinta saƙa da kula da lambu. 'Yan sanda suna raina ta, amma ita ce take gano wanda ya yi kisan, domin ta daɗe tana lura da halin maƙwabtanta. Ita Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta san guba iri iri. Shi ya sa a labaranta da yawa mutuwa takan shigo ta cikin abin ci ko abin sha.

Daga nan aka sami wani reshe na labaran bincike wanda Turawa suke kira da wata kalma mai ma'anar wurin zama mai ɗumi da kwanciyar hankali. Yana da ƙa'idodinsa. Abin yakan faru a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Ba a bayyana zubar da jini filla-filla, ba batsa, ba ashar. Mai binciken ba ma'aikacin hukuma ba ne, yana da sana'arsa, larura ce ta jefa shi cikin maganar. A ƙarshe kuma dole a gane mai laifi, gari ya koma zaman lafiyarsa.

Yadda Abinci Ya Shigo

Tun a 1938 wani marubucin Amurka, Rex Stout, ya rubuta Too Many Cooks, labarin kisan da aka yi a taron manyan kukuna, ya kuma sa bayanin yadda ake dafa wasu abinci a ƙarshen littafin. Amma jarumin nasa, Nero Wolfe, bincike ne sana'arsa, biyansa ake yi. Wadda aka fi dangantawa da kafa wannan reshe sosai ita ce Virginia Rich, da littafinta The Cooking School Murders na 1982. Jarumarta, Eugenia Potter, dattijuwa ce da mijinta ya rasu, gwanar girki ce kuma. Rich ta rubuta littattafai uku kafin rasuwarta a 1985, daga baya wata marubuciya, Nancy Pickard, ta ci gaba da labarin.

A 1990 Diane Mott Davidson ta fito da Catering to Nobody. Jarumar, Goldy, bazawara ce mai ɗa guda, ta rabu da miji mai dukanta, tana ciyar da kanta ta hanyar dafa abincin biki da na taro a wani gari na jihar Kolorado. Wata rana tana raba abinci a zaman makoki, sai aka zuba wa tsohon surukinta maganin ɓera a cikin gahawa. 'Yan sanda suka rufe mata sana'a. In ba ta gano wanda ya yi abin ba, ita da ɗanta ba su da abin sa wa a baka. Ka ga ke nan ba shisshigi ba ne ya sa ta bincike.

A Ingila kuma, a 1992, M. C. Beaton ta kawo labarin Agatha Raisin, wata mata da ta bar aiki a Landan ta koma ƙauye. Don ta yi suna, sai ta sayo wani gashin ƙwai da alayyafo a kanti a Landan, ta kai gasar girki ta ƙauyen a kan ita ta yi shi da hannunta. Alƙalin gasar ya ci ya mutu, domin an sa wani tsiro mai dafi a ciki. Kafin ta wanke kanta daga zargin kisa, sai da ta fara amsa laifin maguɗi a gaban mutanen gari. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A shekarar 2000 Joanne Fluke ta fara jerin labaran Hannah Swensen, mai shagon biskit da kek a wani ƙaramin gari na jihar Minesota. Littattafan sun wuce 20, har an mai da wasu fim na talabijin daga 2015. Abin bai tsaya a tsakanin Turawan Amurka da Ingila ba. A 2015 Sally Andrew ta Afirka ta Kudu ta rubuta Recipes for Love and Murder, labarin Tannie Maria, mai rubuta shawarwari da dabarun girki a wata ƙaramar jarida, wadda wata mata ta aiko mata wasiƙa tana kukan azabar miji, ba da daɗewa ba aka tsinci gawar matar. A 2021 kuma Mia P. Manansala ta fitar da Arsenic and Adobo, a kan wata budurwa 'yar asalin Filifin da ke aiki a gidan abincin gwaggonta a Amurka. Kusan dukan waɗannan littattafai suna ɗauke da bayanin girkin da aka ambata a labarin, mudu kaza, cokali kaza, minti kaza a kan wuta, yadda mai karatu zai iya rufe littafi ya shiga madafa ya gwada.

Don Me Mai Girki?

Akwai dalilai uku da suka sa mai girki ta dace da wannan aiki. Na farko, tana shiga ko'ina. Biki ko suna ko makoki, sai an kira ta, kuma manyan gida sukan yi maganarsu a gabanta kamar ba ta nan. Na biyu, mutum yakan kame bakinsa a gaban ɗan sanda, amma in aka ajiye masa kwano mai zafi a gaba, harshe yakan saki. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, girki aikin awo ne da lokaci. Wadda ta saba da tukunya ta san tsawon lokacin da nama yake ɗauka kafin ya nuna, ta san warin madarar da ta kwana, ta san in an ƙara wani abu a miyar da ita ta haɗa. Irin wannan sani ne yake kama maƙaryaci, domin mai ƙarya yakan shirya babbar magana ya manta da ƙananan abubuwa.

Daga Ina Baƙin Sama Suka Fito?

Kafin mu ga yadda suka shigo madafa, ya kamata mu san inda jita-jitarsu ta samo asali. Ranar 24 ga Yuni, 1947, wani matuƙin ƙaramin jirgin sama mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga wasu abubuwa tara masu ƙyalli suna gudu a sama kusa da Dutsen Rainier a jihar Washinton. Da yake kwatanta tafiyarsu, ya kamanta ta da ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi a kai in an wurga shi a kan ruwa yana tsalle. 'Yan jarida suka ɗauki kalmar, daga nan aka sami sunan faranti mai tashi. Ashe tun ranar farko kayan madafa ne suka ba abin suna.

Bayan mako biyu, ranar 8 ga Yuli, sansanin sojan sama na garin Roswell a jihar New Mexico ya ba da sanarwa cewa an tsinci irin wannan faranti a wani wurin kiwo. Nan da nan manyan hafsoshi suka janye maganar, suka ce balan-balan ce ta auna yanayi. Abin da mai kiwon ya tsinta guntayen roba ne da 'yan sanduna da takarda mai ƙyalli. Magana ta kwanta shekara 30. A 1978 wani tsohon hafsa da ya ga tarkacen, Jesse Marcel, ya ce a ganinsa ba kayan duniyar nan ba ne. A 1980 aka buga littafin The Roswell Incident, daga nan labari ya yi ta ƙaruwa, har aka riƙa cewa gwamnati ta ɓoye gawawwakin baƙin halittu.

A 1994 rundunar sojan sama ta Amurka ta bayyana cewa tarkacen na wani shirin asiri ne mai suna Mogul. Balan-balan ne da aka ɗaura wa na'urori, ana tura su can sama su saurari ƙarar gwajin bam ɗin nukiliya na Tarayyar Sobiyet. Haka nan a 2013 hukumar leƙen asiri ta CIA ta saki takardun da suka amsa cewa akwai wani fili a hamadar jihar Nebada da ake kira Yanki na 51, inda aka gwada jirgin leƙen asiri na U-2 daga 1955. Jirgin yana hawa sama da ƙafa 60,000, nesa da inda jiragen fasinja na lokacin suke kaiwa, saboda haka waɗanda suka hango ƙyallinsa suka ɗauka wani abu ne dabam. Daga 1947 zuwa 1969 sojojin sama sun tattara rahoto 12,618 na abubuwan da aka gani a sama, 701 daga ciki ba a gano ko mene ne ba. A watan Maris na 2024 wani ofishi na ma'aikatar tsaron Amurka ya sake bin tsofaffin takardu, ya ce bai sami shaidar cewa an taɓa kama jirgin wata duniya ba.

Inda Hanyoyin Biyu Suka Haɗu

Jita-jita takan zama kasuwa. An buɗe gidan tarihi na faranti mai tashi a Roswell a 1992, garin kuma ya mai da abin bikin shekara shekara. A 1996 jihar Nebada ta raɗa wa wata hanyar mota da ke wucewa kusa da Yanki na 51 sunan hanyar baƙin sama. Duk inda 'yan yawon buɗe ido suka taru, sai an sami masauki da gidan abinci. Ga ƙaramin gari, ga baƙi masu baƙon hali, ga kuɗi yana yawo, ga mai girki a tsakiya. Marubuci ba ya bukatar fiye da haka.

Akwai ma wani abu da ya faru da gaske wanda ya yi kama da waɗannan labarai. Ranar 18 ga Afrilu, 1961, wani mai kiwon kaji a Eagle River, jihar Wisconsin, mai suna Joe Simonton, ya ce wani jirgi mai ƙyalli ya sauka a ƙofar gidansa. Ya ce mutanen ciki sun miƙo masa tulu ya cika musu da ruwa, su kuma suka ba shi 'yan fanke da suke soyawa. Tsuntsu daga sama gasasshe! Ya ɗanɗana ɗaya, ya ce kamar kwali. Sojojin sama suka aika da guntun fanken ɗakin gwaji na gwamnati. Da aka duba, sai aka tarar da mai da sitaci da dusar alkama da ɓawon waken soya da na wani hatsi da ake nomawa a can. Fanke ne irin na duniyar nan. Lura da abin da ya yanke maganar. Ba gardama aka zauna yi a kan sararin sama ba, abincin aka duba.

A cikin ƙagaggun labarai, Joan Hess ta rubuta Martians in Maggody a 1994. Maggody ƙauye ne da ta ƙirƙira a jihar Arkansas, mai mutum 755. Wata safiya aka wayi gari da wasu da'irori a gonar masara, sai 'yan jarida da masu farautar baƙin sama suka cika gari, mutanen ƙauye kuma kowa ya shiga neman abin da zai samu a jikinsu, har aka kai ga rasa rai. A nan jarumar ita ce shugabar 'yan sandan ƙauyen, amma uwarta, mai gidan abinci, ita da aminiyarta ba sa barin bincike ya wuce ba su sa hannu ba. Shekara uku kafin littafin, a 1991, wasu dattawa biyu a Ingila, Doug Bower da Dave Chorley, sun fito sun amsa cewa sun daɗe suna yin irin waɗannan da'irori a gonakin alkama da dare, da katako da igiya.

Misalin da ya fi cika shi ne jerin littattafan Kirsten Weiss da suka fara da At Wits' End. Jarumar, Susan Witsend, ta gaji masaukin kakarta a wani gari na gindin duwatsu a Kalifoniya, inda ake ba baƙi ɗaki da karin kumallo. An kafa farantin ƙarya a rufin gidan don jawo masu sha'awar baƙin sama. Sai ga gawa a ɗaki na bakwai, kuma gawar tsohon mijin shugabar 'yan sandan yankin ce. A ƙarshen littafin akwai bayanin girkin karin kumallo.

Aikin Baƙin Sama a Cikin Labari

Tambayar ita ce, mene ne amfanin baƙin sama a labarin kisa? Aikinsu ɗauke hankali. Marubuci yana so mai karatu ya ɗaga kai yana kallon sama, alhali amsar tana kan tebur. Mai laifi a cikin labarin ma abin da yake so ke nan. In gari ya yarda cewa wasu halittu ne suka ɗauke mutum, ba wanda zai tambayi wa zai ci gadonsa, ko wa yake bin sa bashi.

Amma marubuci ba shi da ikon cewa a shafi na ƙarshe baƙin ne suka yi kisan. A 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin labaran bincike ne, ya tsara dokoki goma na irin wannan rubutu. Daga ciki akwai cewa mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kada a warware matsala da abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, kada a kawo gubar da ba a sani ba ko na'urar da sai an yi dogon bayani, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu. Saboda haka wanda ya yi kisan yana cikin waɗanda suka zauna suka ci abinci tare. Da ɗan gari akan ci gari.

Bari mu ƙirƙiro ɗan misali don a gane. A ce an kashe wani baƙo a masauki da ƙarfe biyar na yamma. Mai taimaka wa uwar masauki a madafa ya ce shi bai san kome ba, domin da ƙarfe huɗu wani haske ya sauko ya ɗauke shi, bai farka ba sai ƙarfe bakwai a bayan gari. Masu sha'awar baƙin sama suka kewaye shi suna rubuta maganarsa. Uwar masauki kuwa ta tuna cewa da ƙarfe uku da rabi, kafin ta tafi kasuwa, ta bar masa wake a kan wuta, kuma shi kaɗai ne yake da makullin madafa. Da ta dawo ƙarfe bakwai, ta tarar da waken ya nuna lugub, bai kama ba, wuta tana ci. Waken da aka bari awa uku ba mai kula da shi zai ƙafe ya ƙone. Wani ya ƙara ruwa. Ke nan mutumin yana gidan a lokacin da ya ce yana sama. Tukunya ta ba da shaida.

Hanyoyin Tunani Biyu

A nan ne darasin yake. Mai zargin maƙarƙashiya da mai bincike duka biyu suna cewa akwai abin da aka ɓoye, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Shi mai zargi, in ka ce masa ba shaida, sai ya ce ai rashin shaidar ne yake nuna an ɓoye ta. In ka kawo takarda, ya ce ta jabu ce. In ka musa, ya ce kai ma da kai aka haɗa baki. Maganarsa ba ta da ƙofar fita, shi ya sa ba ta ƙarewa. Ita kuwa mai girki tambayoyinta ƙanana ne: wa ya gani da idonsa, ƙarfe nawa, wa yake riƙe da makulli, wa zai amfana? In amsa ta saɓa wa zatonta, sai ta bar zaton ta sake lale.

Kada mu ce masu zargi ba su da dalili ko kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza. A Roswell hukuma ta ɓoye gaskiya shekara 47, kuma wannan rufa-rufa ita ce ta ba jita-jita wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Amma da gaskiyar ta fito, balan-balan ce da tsoron yaƙi tsakanin manyan ƙasashe biyu. Haka ma rahoto 701 da ba a gano ba, abin da suke nufi shi ne ba a gano ba. Wanda ya cika wannan gurbi da abin da ransa yake so ya bar bincike ya koma tatsuniya. Ko akwai rai a wasu duniyoyi, wannan tambaya ce da masana taurari suke bi da na'urorinsu, kuma dabam take da cewa wani ya ɓoye gawa a hamada.

Kammalawa

Waɗannan littattafai suna da nasu rauni. Ba hankali ba ne a ce ƙaramin gari guda ana kisa a cikinsa kowace shekara, kuma kullum mai biskit ce take tsintar gawa. Sukan sa mutuwa ta zama kamar wasa, alhali ran mutum ba abin wasa ba ne. A zahiri kuma wanda ya san wani abu game da laifi hukuma zai kai wa, ba ya bi mai kisa shi kaɗai cikin dare ba. Duk da haka suna da amfani. Turancinsu mai sauƙi ne, ba abin kunya a ciki, suna kuma girmama sana'ar hannu da basirar mata da ta tsofaffi, waɗanda sau da yawa ake wuce su ba a tambayi ra'ayinsu ba.

Ga shawara ga ɗalibin da ya sami ɗaya. Ka karanta da fensir a hannu. Ka rubuta sunan kowa, da inda ya ce yake, da lokacin. Kafin babi na ƙarshe ka rufe littafin, ka faɗi wanda kake zargi da dalilinka, sa'an nan ka buɗe ka gani. In ka saba da haka, ranar da wani zai shigo ɗakin kwana ko kasuwa da labari mai tayar da hankali, yana cewa an ce, an ce, ba za ka ɗauka ka ƙara gaba ba sai ka tambaya wa ya ce, yaushe, a ina. Sunan mutane da yawa ya ɓaci, har an yi asarar rayuka, saboda maganar da ba wanda ya tsaya ya buɗe murfinta ya duba. Gani ya kori ji.